Kawu Ya Tafi, Ya Bar Ni da Ɗan Goyo

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Kawuna, yayan mahaifiyata, ya rasu da hantsin wata Laraba a wani asibiti da ke Bronx, a birnin New York, bayan jinyar da ta sa shi a gaba tun shigowar sanyi. Washegari aka haye kogi da shi zuwa maƙabartar da Musulmin nan ke kai nasu. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta, ya haskaka makwancinsa. Na fara da wannan addu'a da zuciya ɗaya don kada mai karanta abin da ke biye ya zaci ban ƙaunace shi ba. Na ƙaunace shi. Amma tun da nake ban taɓa zama da mutumin da ya iya ƙular da ni kamarsa ba.

Falonmu na unguwar Tremont bai ɗauki masu ta'aziyya ba, takalma har kan matakala. 'Yan Nijar masu kasa kaya a bakin titi sun naɗe tebura sun zo, direbobin tasi sun zo, ma'aikatan ofisoshin jakadanci sun zo daga Parkchester da manyan riguna a ƙarƙashin kwat ɗin sanyi, wasu ma tun daga Flatbush. Kowa zai zauna, a yi addu'a, a shafa, ya ce Allah ya ba mu haƙuri. Sai ka ga mutum ya gyara zama, ya rage murya, ya ce, "To Hajiya, ya dai faɗa kafin ya cika?"

Na farko da ya tambaya na tashi na bar masa wurin. Na biyu na ce ya bari a share makoki. Wata maƙwabciyata 'yar Zangon Kumasi, wadda ke taya ni girkin baƙi, ta biyo ni har kicin da tiren waina a hannu, ta ce ita ba don komai ba, don dai hankalinta ya kwanta. Jama'a, mutum ya mutu, ya bar sallah da azumi da zumuncin da za a tuna shi da su, amma duk Hausawan New York abin da ya dame su sunan kare.

Sai dai ba zan ga laifinsu ba. Shi ya jawo.

Kawu mafarauci ne, ɗan mafarauci, daga ƙauyenmu da ke arewa da Katsina, dab da iyaka. Danginmu na wajen uwa an san su da wani irin karen farauta da ake kira Ɗan Goyo. Na tarar da ƙarshensu ina yarinya. Dogayen ƙafafu, siririn ciki, jajaye kamar ƙasar jigawa, ba su da hayaniya. In suka kama zomo ko gada ba sa taɓa naman, sai sun kawo ƙofar gida sun ajiye. Yanzu babu ko ɗaya a duniya. Daji ya zama gona, samari suka tafi ci-rani ba su dawo ba, farin da aka yi a tsakiyar shekarun tamanin ya ƙarasa abin da ya rage. Karya ta ƙarshe a hannun Kawu ta tsufa ta mutu. Wani attajiri daga birni ya yi ta zarya yana son ya saye ta ya haɗa ta da karnukan gadinsa, Kawu ya ce Ɗan Goyo ba a sayar da shi, bayarwa ake yi, kuma mafarauci ake ba. Da ya sayar, watakila da yau akwai sauran iri. Na sha faɗa masa haka. Sai ya ce iri in babu hanya ai kare ne kawai.

To hanyar nan ita ce ciwon kan. A al'adar mafarautanmu, asalin sunan, wato dalilin da ya sa aka kira karen farauta Ɗan Goyo, ba a faɗa wa kowa sai wanda aka miƙa wa kwikwiyo. A ba ka kwikwiyon a hannu, a ba ka labarin, sannan ka rantse ba za ka faɗa wa wani ba sai kai ma kana miƙa masa nasa. Ga shi kwikwiyo ya ƙare. Sauran mafarautan da suka sani duk sun riga shi tafiya. Kawu kaɗai ya rage da labarin a cikinsa, ba shi da abin miƙawa. Ko yaro ya san inda wannan za ta ƙare: ranar da aka binne shi, an binne sunan.

Maigidana ne ya kawo shi nan a ƙarshen shekarun tamanin don a cire masa yanar ido. Aka cire, ya ga gari tas, ya ce ba ya komawa. Matarsa ta rasu, ƙanwarsa Innarmu ta rasu, ba shi da ɗa, ba shi da kare, wa zai tarar? Aka sa masa kujera kusa da hita a shagon maigida, inda muke sayar da manja da daddawa da garin rogo da turaren wuta. Nan ya yi sarautarsa kusan shekara goma.

Da mai riƙe sirri ne da baki a rufe, da babu wanda zai damu. Ina! Duk wanda ya shigo sayen daddawa sai ya sha labarin Ɗan Goyo. Yadda yake bin sawun barewa a kan fako, yadda yake sanin maigidansa zai fita daji tun kafin ya taɓa baka da kwari, yadda wata karyar Kawu ta taɓa tsayawa tsakaninsa da kura. Ya iya labari, wannan ba a ƙwace masa ba. Direba zai bar tasi a bakin titi ana rubuta masa tara yana tsaye yana saurare. In labari ya yi daɗi, dole mutum ya tambaya, to wai me ya haɗa karen farauta da goyo? Sai Kawu ya ɓare goro a hankali, ya jefa a baki, ya ce, "Wannan sai da kwikwiyo a hannu."

Maganar ta bi gari. Har yau in ka tambayi ɗan kasuwa a Bronx inda yake saro kayansa kuma ba ya son ya faɗa, zai yi dariya ya ce maka sai da kwikwiyo a hannu. Da yawa masu faɗarta ba su ma san Kawu ba.

Karnukan New York kuwa sun sha zagi a bakinsa. Ranar da ya fara ganin kare sanye da rigar sanyi ya tsaya cak a tsakiyar hanya yana salati. Ƙananan nan masu gashi da tsofaffin mata ke runguma ya ce ba karnuka ba ne, matasan kai ne masu numfashi. Da ya ga ƙato da gemunsa ya sunkuya yana kwashe kashin kare da leda, sai ya dawo gida ya sanar da mu cewa a ƙasar nan kare ne maigida. Amma duk wannan zagi, aljihunsa ba ya rabuwa da guntun kilishi, kuma babu karen unguwarmu da bai san takunsa ba. Mai kula da gininmu, wani ɗan Fotoriko, yana da baƙar karya a ɗakin ƙasa inda tukunyar hita take. Shi ba ya jin Hausa, Kawu ba ya jin Turanci balle Sifaniyanci, amma sai su zauna a kan bokiti su yi hira mai tsawo da hannu, karyar na kwance a tsakaninsu.

Wani abu game da shi, ba ya mantuwa. Yana iya jero maka karnukan gidanmu uwa da uwarta har zuwa zamanin kakansa. Yana tuna wanda bai gaishe shi ba ranar wata Sallah da ni na manta ma an yi ta. In na yi masa alkawarin dambu na share, ko wata nawa aka yi sai ya tuna mini a gaban baƙi. Ni kuma Uwata yake ce mini, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini, bakinsa ba ya iya faɗarsa. Uwata, miyar nan ta yi gishiri. Uwata, kin cika faɗa. Da girmamawar da tsokanar duk a kalma ɗaya yake haɗa mini.

Amininsa a duniya wani tsoho ne ɗan Damagaram, wanda ya daɗe yana tuƙa motar wani ofishin jakadanci, muna ce masa Baba Direba. Tare suke zuwa masallaci, tare suke cin goro. Rannan Baba Direba, mai sirka Hausarsa da Faransanci, ya ce a gaban jama'a, bon, shi ya gaji da wannan jan rai, ai abin a fili yake. Ya ce ya taɓa ganin irin karnukan nan yana yaro, suna da baƙin tabo a gadon baya kamar an goya musu jariri, daga nan sunan ya fito, wala, magana ta ƙare. Kawu ya ce Ɗan Goyo ba shi da tabo ko na ƙwayar gero. Baba Direba ya ce to in ba haka ba ne ya faɗi gaskiyar mana. Kawu ya ce sai da kwikwiyo a hannu. Baba Direba ya ce babu wani asali, tsoho ne kawai ya ga ba shi da abin da zai riƙe mutane da shi a ƙasar Turawa.

Wannan ta shige shi. Azumi guda cur ba su yi magana ba. Kuma don taurin kai babu wanda ya canza wurin zama. Kafaɗa da kafaɗa suke buɗa baki a masallaci, in ɗaya yana son dabino sai ya ce wa na gefe ya ce wa wancan mutumin ya turo faranti. Ranar Sallah suka shirya ba tare da kowa ya ba wani haƙuri ba. Baba Direba bai janye maganar tabo ba, Kawu bai faɗi komai ba.

Ni ma na yi nawa da shi, ba sau ɗaya ba. Na ce Kawu, wa zai kama ka? Waɗanda ka rantse wa ƙasa ta cinye su. Na ce ka faɗa a kaset mu ajiye, ba sai an saurara yanzu ba. Na ce jikokinka na nan da kake yi wa Hausa suna mayar maka da Turanci, ko wannan ɗaya ba za ka bar musu ba? Ya ce rantsuwa ba da mutane ya yi ta ba. Na ce to ka mutu da abinka. Ya ce in sha Allahu. Na yi tsaki na bar masa falon, ina ji yana dariya ƙasa-ƙasa. Abin da ke ƙona mini rai shi ne na san yana damunsa fiye da kowa. Na sha ganinsa ya yi zugum a kujerarsa bayan kowa ya watse, goro a hannu bai ci ba. Amma ko za a yanka shi ba zai karya hanya ba.

Zan faɗi alherinsa guda, don shi ne wanda ba zan iya biya ba. Shekara ta huɗu da zuwansa na haifi ɗa namiji, ya yi 'yan makonni a asibiti ya koma. Tsakiyar sanyi ne. Ba uwa kusa, ba 'yar'uwa, maigida dole ya koma shago. Na kwanta na juya wa duniya baya. Masu zuwa suna ta ce mini in yi haƙuri, mai ceto ne. Kawu bai ce mini in yi haƙuri ba ko sau ɗaya. Da safe sai ya buga ƙofar ɗakina da sanda ya ce in tashi in raka shi filin shaƙatawa na Krotona, wai idonsa ya fara hazo, yana tsoron faɗuwa. Ƙarya yake, idon nan ya fi nawa gani. Na ce ba zan iya ba. Ya tsaya a ƙofar yana kiran Uwata, Uwata, har na tashi don kawai ya yi shiru. Mu je fili, ya sa ni sunkuya a kan ƙanƙara yana nuna mini sawun kurege, wai wannan mace ce, wannan gudu yake, wannan ya tsaya ya waiga. Ni ina ruwana da kurege? Hannuna ya ƙage, hancina na zuba, raina a ɓace. Kullum haka. Sai wata rana na lura na dawo gida ina zaginsa a zuci tun daga fili har kicin, kuma na ɗora tukunya ban sani ba. Takaicinsa ne ya tashe ni daga kwanciyar nan.

A cikin kwanakin ne ya gan ni na ɗauko wani tsohon zanen Inna, baƙin saƙi da ya koɗe, zan yayyaga shi in yi tsumman goge-goge, don ganinsa yana tayar mini da hankali. Da shi ta goye mu duka, da shi na yi niyyar goyon yaron. Ya fizge shi daga hannuna, abin da bai taɓa yi mini ba, ya ce in ninke in ajiye. Na tambayi dalili. Kun san amsar da na samu.

Bara da kaka ya fara rama. Aka yi ta kai shi asibiti, daga baya likitoci suka ce wa maigida ciwon ya riga ya yi nisa, a kai shi gida a kula da shi. Bai tambaye mu abin da suka ce ba, mafarauci ai ya san dabbar da ta gaji. Wata safiya bayan yara sun tafi makaranta, maigida yana shago, na neme shi a ɗakinsa ban gan shi ba. Ina shirin fita nema sai na ji takunsa a matakala, yana hawa yana hutawa. Ya shigo yana haki, hannu ɗaya a cikin rigar sanyinsa. Ya ce, "Uwata, ɗauko zanen nan."

Na ɗauko. Ya zauna, ya shimfiɗa shi a cinya, ya zaro abin da ke cikin rigarsa. Kwikwiyo. 'Yar baƙar karya mai gajerun ƙafafu, kunne ɗaya a tsaye ɗaya a kwance, daga cikin waɗanda karyar mai kula da gini ta haifa.

Na ja da baya har na bugi bango. Na ce kare a gidana, inda nake sallah, a kan zanen uwata? Na ce wannan abin ko a mafarki ba Ɗan Goyo ba ne. Ya ce ya sani. Ya ce ya riƙe hanya ya rasa iri, yanzu yana tsoron ya je gaban magabata ya rasa duka biyun. Ya ce ba wasa ba ne kuma, ba wai in karɓa in ji labari in mayar ƙasa ba. In na karɓa tawa ce, ci da sha da ciwo, har ta mutu ko in mutu.

Na ce ba zan iya ba. Na ce matan masallaci za su cinye ni ɗanya, maigida yana cikin masu kula da masallacin, me zai ce wa mutane? Na ce ya ba Baba Direba. Ya ce wanda ya ce ya riga ya sani ba a ba shi. Na ce to ni dai a'a.

Bai yi musu ba, kuma wannan ne karo na farko a rayuwarsa. Ya mayar da ita cikin riga, ya ninke zanen ya ajiye a hannun kujera, ya miƙe da kyar ya nufi ƙofa. Na tsaya ina kallonsa yana sauka, hannu ɗaya a kan ƙarfen matakala, wuyansa ya zama kamar na zakaran da aka fige. Shekara da shekaru ina ce masa ya faɗa, ya faɗa. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Na leƙa na ce, "Kawu, dawo. Allah ya isa tsakanina da taurin kanka, dawo."

Ya dawo, ya naɗe ta a zanen Inna, kanta kaɗai a waje, ya ce in miƙo hannu biyu. Na ji ɗuminta da bugun zuciyarta ta cikin saƙin. Rabona da riƙe abu mai rai a zanen nan, ban ma samu na riƙe ba. Sannan ya ba ni labarin.

Ya ce a wata tsohuwar yunwa, tun kafin zuwan Turawa, wata mata ta taso daga arewa da jariri a baya. Mijinta mafarauci ne, ya shiga daji neman abin da za su ci bai dawo ba. Karyarsa ta biyo ta da ɗan kwikwiyo guda da ya rage mata. A hanya jaririn ya mutu, ta binne shi da hannunta. Karyar ma ta faɗi ta mutu. Matar ta tashi za ta ci gaba da tafiya, bayanta ya ƙi yarda da zama babu kowa. Sai ta ɗauki kwikwiyon ta goya shi da zanen yaron. Abin da ta samu ta tauna ta ba shi. Haka ta shigo ƙauyenmu, baƙuwa, da kare a baya. Mutane suka ce mahaukaciya ce. Yara na binta, manya na dariya, ana nuna karen ana cewa ga ɗan goyonta nan. Aka bar ta a wata bukka a bayan gari.

Karen ya girma yunwa ba ta wuce ba. Ba wanda ya koya masa, ya fara shiga daji yana kamo zomo da zabo, ba ya ci, sai ya kawo ƙofar bukkarta ya ajiye, don a bakinta ya saba karɓar abinci. Ita kuma ta rarraba wa gidajen da suka yi mata dariya. Da naman nan unguwa guda ta ga damina. Da aka samu 'ya'yansa, mafarauta suka zo da awaki da hatsi suna son saye. Ta ce, "A garinku ana sayar da ɗa?" Wanda ta yarda da shi sai ta naɗe kwikwiyo a zanenta ta miƙa masa.

Na ce to Kawu, mene ne abin ɓoyewa a nan? Ya ce bayan ta mutu, mafarauta suka ga duk ƙasar ana yi musu kirari da karnukan nan. Ba su so a san abin alfaharinsu daga bayan mace ya sauko, macen ma wadda suka kira mahaukaciya. Shi ne suka ƙirƙiro rantsuwa. Ya ce, "Ba sirri ba ne, Uwata. Kunya ce. Mu maza muka gaje ta muna ce mata al'ada." Ya ce tun shekarar da na dawo daga asibiti bayana babu kowa ya san wadda zai ba, kwikwiyon da zai yarda da shi ne ya rasa, sai da ya ga lokaci ya ƙure.

Na yi kuka, ba zan ɓoye ba. Da na share ido na gyara zama ina jiran rantsuwa. Sai ya jingina da kujera ya lumshe ido ya ce in tashi in ba ta ruwa.

Na ce, "Rantsuwar fa?"

Ya ce, "Af. Na manta. Tsufa ke nan."

Mutumin da bai taɓa manta alkawarin dambu ba. Na ce ai ga ni zaune, sai a yi yanzu. Ya ce lokacinta ya wuce, ba a yin ta bayan an gama. Bai buɗe ido ba, amma na ga gefen bakinsa yana motsi.

Abin da na sha a kan karyar nan Allah kaɗai ya sani. Maigida ya dawo ya tarar da ita a kwali a kicin ya yi ta salati. Kawu daga kan gado ya ce karen farauta ai addini bai hana ba. Maigida ya ce farautar me a Bronx? Muka kai ta ɗan filin bayan shago muka yi mata ɗaki da katako. Ba ta rufe wata uku ba ta fara kamo ɓerayen sito, irin manyan nan kamar gafiya da suka gagari guba da tarko. Kuma ba ta ci. Sai ta jera mini su a bakin ƙofar baya ta zauna tana kaɗa jela. Da na faɗa wa Kawu, lokacin an riga an mayar da shi asibiti, ya yi dariya har sai da nas ta leƙo. Ni kuwa yau ga ni, Hajiya guda da hijabi, ina bin kare a titin Tremont da leda a hannu. Duk abin da ya zagi Turawa da shi, ni ya bar wa.

Ranar sadakar bakwai na ce yau kowa zai ji. Matan kicin na fara faɗa wa, don nasu ne tun asali. 'Yar Kumasi ta ajiye ludayi ta zauna a kan buhun shinkafa tana share ido da bakin mayafi. Sannan na tsaya a ƙofar falo na faɗa wa maza, na kuma gaya musu ban karya rantsuwar kowa ba, don ba a ɗora mini ba. Shi ya sa kuma na rubuta a nan, don wanda bai zo ba ya ji, don kada matar nan ta sake ɓata, kada Kawu ma ya ɓata.

Baba Direba yana cikinsu. Na zaci zai kawo maganar tabo, bai kawo ba. Da jama'a suka watse ya ce in kai shi ya ga karyar. Muka je bayan shago. Ya daɗe yana kallonta, ita ma tana kallonsa da kunnenta ɗaya a tsaye. Ya ce, bon, mummuna ce. Na ce ƙwarai. Ya ce in ta haihu in ajiye masa ɗaya.

Na ce, "Baba, ai ka riga ka ji labarin."

Ya ce, "Na ji a falo, cikin taro. Ina so in ji yadda ya so ya faɗa mini." Ya juya ya yi kamar yana gyara hula.

Ga inda Kawu ya bar ni. Ni da ban taɓa son kare ba, yanzu ina jiran karya ta haihu, kuma bayan Baba Direba mutum biyu sun riga sun ce a ajiye musu kwikwiyo. Kawu, Allah ya jiƙanka, ya gafarta maka, ya haɗa ka da Inna a Aljanna. Ka yi nasara, kamar kullum. Zanen na wanke shi, na ninke, yana saman akwati inda hannuna zai kai.